Auyo: wai ba mu da wani labari ne sai na ambaliya?

Ɗan_Auyakayi:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk inda na ce daga Auyo nake, a Kano ne ko a Dutse, tambayar farko ita ce, "Ya kuka ji da ruwa?" Jaje abin godiya ne, amma wai ba mu da wani labari ne sai na ambaliya? Ni dai na tashi ina jin manya suna cewa Auyo ta girmi Haɗeja, kuma tana da sarkinta tun kafin jihadi. Ina dattawanmu da masu ilimin tarihi? Ku faɗa mana abin da kuka sani mu yara mu ƙaru. Sannan a gaya mini tsakani da Allah, kogin Haɗejan nan da muke kwana muke tashi da shi, arzikinmu ne ko shi ne ya hana mu gaba?

Tsohon_Hedimasta:
Wa alaikumus salam ɗana. Manya ba su yi maka ƙarya ba. Labarin da muka gada shi ne, wasu 'yan uwa uku suka taso daga gabas, daga ƙasar Bagarmi da ke cikin Cadi ta yanzu, kowannensu ya kafa gari: Auyo, Tashena da Shira. Marubuta tarihi suna sa kafuwar Auyo wajen shekarar 1400.

Kafin jihadi, abin da yau muke kira ƙasar Haɗeja ba masarauta ɗaya ba ce. Sarautu bakwai ne, kowa da sarkinsa: Auyo, Haɗeja, Garun Gabas, Gatarwa, Kazura, Fagi da Dawa. Dukkansu Barno suke bi, suna kai gaisuwa ta hannun Galadiman Barno da ke zaune a Nguru. Da aka karɓo tuta daga wajen Shehu, shugabannin Fulani Umaru da ƙanensa Sambo su ne suka haɗe waɗannan garuruwa wuri guda, tsakanin 1805 da 1808. Sambo ya zaɓi Haɗeja ya zauna, ya faɗaɗa ta, daga nan fada ta koma can. Shira da Tashena kuwa suka faɗa ƙarƙashin Katagum, shi ya sa yau 'yan uwan Auyo na asali suna jihar Bauchi, mu muna Jigawa. Har gobe hakiminmu Sarkin Auyo ake ce masa, wannan sarauta kuwa ba jiya aka ƙirƙiro ta ba.

Bahaɗeje_Na_Asali:
Allah ya ƙara wa Baba Hedimasta lafiya. Ban musa ba, amma in tsufa ake bi, to duk mu durƙusa wa Garun Gabas. Ita ce Biram da ake lissafawa cikin Hausa Bakwai, ga ta nan a ƙaramar hukumar Malam Madori, yara da yawa ba su ma san haka ba. Kuma kada a manta, ranar 25 ga Afrilu 1906 da Turawa suka zo, a Haɗeja aka tsaya aka yi yaƙi har Sarki Muhammadu ya yi shahada tare da jama'arsa. Girman da Haɗeja ta samu ba a kyauta ta same shi ba.

Ɗan_Auyakayi:
Yaya Bahaɗeje, ba wanda ya raina Haɗeja. Can muke cin kasuwa ranar Lahadi, can muke kai marar lafiya in abin ya fi ƙarfin asibitinmu. Kukana shi ne namu tarihin ba a koyar da shi. Na gama firamare da sakandare a nan, ba a taɓa rubuta mini sunayen sarautun nan bakwai a allo ba.

Ɗaliba_KafinHausa:
Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne harshen. Auyakawa suna da yarensu na kansu, kuma ya mutu murus, ba mai jin sa yau. Masana harshe sun sa shi cikin dangin harshen Badawa da na Ngizim da ake yi a Yobe. Haka na Shira da na Tashena, duk Hausa ta haɗiye su. Abin da ya rage 'yan kalmomi ne da wasu suka rubuta tun da daɗewa. Ina karatu a jami'ar da ke Kafin Hausa, kuma burina in yi aikin kammala digiri a kan sunayen ƙauyukanmu. Ku duba mazaɓunmu goma: Auyo, Auyakayi, Ayama, Ayan, Gamafoi, Gamsarka, Gatafa, Kafur, Tsidir, Unik. Bahaushe ya ji Unik ko Tsidir ya san akwai wani abu a ƙarƙashi.

Hajiya_Ayama:
'Yata Allah ya ba ki sa'a. Kakata takan ce nata kakannin in suna son yin maganar da ba sa so yara su ji, sai su juya harshe. Ki hanzarta ki zagaya wajen tsofaffi, kullum raguwa suke yi. Ki fara da mata, su ne ke riƙe da waƙoƙin daka da na reno.

Manomin_Gamsarka:
Ku yi haƙuri in dawo da ku kan ruwa, don ni tarihin da na sani ke nan. Ɗan_Auyakayi, kana jin haushin ana yi maka jaje, amma wanda ya kwana a kan jinga a damunar 2022 ba zai ji haushi ba. Da la'asar muka ga ruwa ya fara lasar bakin jinga. Aka yi shela, duk namijin da ke garin ya fito, wasu na cika buhu da ƙasa, wasu na ɗauka a ka, yara na haska mana da fitilar waya. In ka toshe nan sai ka ji an yi kururuwa can gaba. Wajen tsakar dare ta ɓalle a inda ba mu zata ba, ta bayan gonaki. Abin da ba zan manta ba shi ne ƙarar katangar ƙasa in ruwa ya ci gindinta: ba ta faɗuwa nan take, sai ta yi ta tsagewa tukuna, sannan ka ji rugum. Muka kwashe mata da yara a kwalekwale zuwa makarantar firamare da ke kan tudu. Shinkafata ta fara fitar da kai, gero kuma saura kaɗan a yanka. Ban ɗauki ko dami ɗaya ba.

To amma ka ji ɗaya ɓangaren. Da ruwan ya janye, a wannan gonar dai na zuba alkama, na biyo da shinkafar rani, Allah ya mayar mini da abin da na rasa har da ƙari. Don haka tambayarka ni ba ni da amsa ɗaya. Ruwan da ya kore ni daga ɗakina shi ne ya biya mini bashi.

Ummu_Sadiq:
Allah ya kiyaye gaba Malam. Mu ma a 2018 da 2020 haka muka gani. Wahalar mata a makarantar nan ba ta faɗuwa. Aji ɗaya gida biyar ko shida, ga mai jego, ga ba makewayi. Kayan agaji kuma in sun zo, wanda ruwa bai taɓa ko zaurensa ba shi ne a gaban layi.

Injiniya_Ringim:
Ni mutumin Ringim ne, kogi ɗaya muke sha da ku, yana wuce mu kafin ya iso gare ku. Bari in ɗan yi bayani, don na ga mutane da yawa suna ɗauka duk ambaliya daga buɗe dam take.

Kogin Haɗeja haɗuwar kogin Kano ne da na Challawa. Ya bi ta Wudil, ya bi ta wajenmu, ya zo Auyo da Haɗeja, ya bazu cikin fadamun Haɗeja da Nguru, sannan wajen Gashuwa ya haɗu da kogin Jama'are su zama Komadugu Yobe, su nufi tafkin Cadi. Daga kusan inda kuke ƙasa ta zama shimfiɗaɗɗiya, ba gangare sosai, sai ruwa ya rage gudu ya fara neman inda zai kwanta. Shi ya sa kuke da fadama mai kyau, shi ya sa kuma kuke fara shan ambaliya.

An gama dam ɗin Tiga a 1974 zamanin Audu Bako, na Challawa kuma a 1992. Kafin nan kogin na damina ne. Ya cika ya tumbatsa a watan Agusta da Satumba, da rani kuma ya ƙafe sai 'yan kududdufai, har a taka yashi a haye. Bayan dam sai aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara. Abu biyu suka biyo baya. Babu ƙaƙƙarfan ruwan farko da ke wanke yashi da laka daga cikin kogi, sai cikinsa ya yi ta cikewa. Sannan ƙasa ba ta bushewa, kacala kuwa, wato doguwar ciyawar nan da ke fitowa a cikin ruwa, abin da take so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, in damina ta yi ƙarfi ruwa ya rasa hanya sai ya hau gonaki da gidaje. Kuma in dam ya cika, ko ba wanda ya taɓa komai, rarar za ta zubo ta inda aka yi mata hanya.

Bahaɗeje_Na_Asali:
Injiniya, bayaninka ya yi. Amma ka faɗi gaskiya, an gina Tiga ne don Kadawa da Kura da ruwan shan birnin Kano. Mu na ƙasa ba da mu aka yi lissafin ba.

Ɗan_Kura:
Haba Malam, a 1974 ai duk jiha ɗaya muke, Jigawa sai 27 ga Agusta 1991 aka yanke ta. Kuma ku tuna farin da aka yi a farkon shekarun 1970, dabbobi suka ƙare, mutane suka yi ta gudun yunwa. Wanda ya ga wannan ba zai zargi mai gina dam ba. Ruwan da kuke noman rani da shi a watan Maris daga ina yake zuwa in ba Tiga da Challawa ba?

Injiniya_Ringim:
Duk ku biyun kuna da gaskiya a wani gefe. An yi tunanin na ƙasa, don aikin noman rani na kwarin Haɗeja yana cikin tsarin tun farko, sai dai ya yi shekaru da yawa a kwance rabi da rabi. A 2018 Shugaba Buhari ya zo Auyo ya ƙaddamar da gyaransa da kuɗin Bankin Duniya, ya dawo a watan Janairun 2023 ya buɗe shi, sama da kadada 5,000. Wato Ɗan_Auyakayi, shugaban ƙasa ya taka ƙaramar hukumarku sau biyu, kuma ba jaje ya kawo shi ba.

Sarkin_Koma:
Kowa na maganar manomi. Mu masunta fa? Mahaifina da koma da gora ya riƙe gida, ya aurar da mu duka. A da in ruwa ya malala cikin fadama kifi yake bi ya yi ƙwai a cikin ciyawa, in ya fara janyewa sai a tare shi. Tarwaɗa, karfasa, ragon ruwa, kurungu, gaiwa, har a rasa inda za a shanya. Yanzu kacala ta cinye wuraren da muke jefa taru, kwalekwale ma ba ya ratsawa. Kifin da kuke gani jibge a kasuwar Haɗeja, ku tambaya ku ji nawa ne daga ruwanmu. Mu ma da namu laifin, raga mai ƙananan ido da ake kwashe 'ya'yan kifi da ita ba dam ne ya kawo ta ba. Yaranmu da yawa sun koma kamun kwaɗi, ana busarwa ana lodi zuwa kudu.

Manomin_Gamsarka:
Sarkin_Koma ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Kacala ba ruwa kaɗai take toshewa ba, ita ce gidan tsuntsayen jan baki. In shinkafa ta fara nono, tun kafin rana ta fito za ka ga sun taso daga cikinta, baƙi ƙirin. Sai ka ja igiya daga wannan kunya zuwa waccan, ka rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki, yaro ya zauna a kan rumfa yana ja yana ihu har magariba. Mai hali ya sayi raga ya lulluɓe gonar baki ɗaya. Marar hali ya cire ɗansa daga makaranta na wata guda. Baba Hedimasta zai ba da shaida.

Tsohon_Hedimasta:
Na ba da shaida. Lokacin tsaron tsuntsu aji yakan koma rabi, kuma ba ka da bakin yi wa uba faɗa, don abincin shekara ne a gonar.

Bafulatanin_Fadama:
Salamu alaikum. Ina karantawa tun ɗazu, ban ji an ambaci dabba ba. Fadamar nan kafin a yanka ta fili-fili, nan ne shanu suke cin rani. Kakanninmu daga tudu suke gangarowa bayan kaka, su ci harawa da kara, su bar wa manomi taki, kowa ya amfana. Yanzu gona ba ta hutawa, ana cire shinkafar damina ana zuba alkama, ana yanke alkama ana dashe. Burtali ya tsuke, mashaya an zagaye ta da albasa. Ba ina cewa a daina noma ba, ni ma ina da 'yar gonata. Amma in an tashi rabon ruwa a tuna saniya ma tana sha. Yawancin rigimar da kuke ji a gabas wajen Guri da Kirikasamma daga nan take farawa, kuma ba ma fatan ta iso mu.

Hajiya_Ayama:
Gaskiya ka faɗa ɗan uwa, zaman tare ya fi komai. Ni kuma bari in faɗi na mata, don Ɗan_Auyakayi ya samu abin gaya wa mutanen Kano. Shinkafar nan kafin ta zama abin da za a zuba a tukunya, ta hannunmu take bi. Mu sayi shanshera, mu jiƙa ta ta kwana, da asuba mu hura wuta mu turara a rabin duro, mu baza a kan leda a tsakar gida ana juyawa da ƙafa ana korar kaji, in ta bushe a kai inji. Mace mai himma da wannan take yi wa 'yarta kayan ɗaki, ba ta jira miji ba. Matsalarmu itace, ya yi tsada ƙwarai, sai kuma jari. Da kaka in shanshera ta yi araha ba mu da kuɗin ajiyewa, manyan 'yan kasuwa su zo da tirela su kwashe, bayan wata uku mu saya a hannunsu da tsada.

Abba_Sola:
Hajiya, an yi gwajin mayar da kacala gawayi da abincin dabbobi. In abin ya kankama kun huta da itace, mu ma mun rage ciyawa. Ga masu ban ruwa da inji kuma, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 lissafin fetur ya daina fita. Wanda gonarsa ba ta kan kanal ya fara tunanin sola, ko ku haɗu mutum uku ku saya.

Ma'aikaciyar_Lafiya:
A ƙara da wannan cikin lissafi: ruwan da ba ya ƙafewa sauro ma ba ya ƙarewa. A da zazzaɓi na damina ne, yanzu har cikin rani muna ganinsa. Ga tsargiya a wajen yara maza masu wanka a kanal. Iyaye, in yaro ya ce yana ganin jini a fitsari a kawo shi, akwai magani, kada a ce alamar girma ce.

Bahaɗeje_Na_Asali:
Ɗan_Auyakayi, ka lura? Ka ce a bar maganar ruwa a yi tarihi, ga shi kowa ya koma ruwa.

Ɗan_Auyakayi:
Na lura Yaya. Amma ba irin maganar ruwan da ake yi mini a Kano ba ce. Can hoton mutum a kan rufin ɗaki kawai suka sani. Ba su san muna noma sau biyu har sau uku a shekara ba, ba su san motocin da ke fita da shinkafa da albasa da kankana daga nan ba. Ƙidayar 2006 ta ce mun kai kusan mutum 132,000, yanzu Allah kaɗai ya san yawanmu, kuma kusan kowa da kogin nan yake ci. Ni har yanzu ina kan bakana, ba a san mu yadda ya kamata ba.

Tsohon_Hedimasta:
Ɗana, ni ban raba biyun ba. Waɗanda suka kafa Auyo ba su rasa tudu ba, ga jigayi nan ko'ina a arewa da mu. Sun zaɓi bakin fadama ne da saninsu, saboda kifi da kiwo da ƙasa mai laka. Bambancin shi ne su sun san lokacin zuwan ruwa da lokacin tafiyarsa, suna gina gari a inda ba ya kaiwa. Mu kuma mun yi yawa, mun gangara mun yi gini a inda kakanninmu suke shuka shinkafa.

Ummu_Sadiq:
Baba, da girmanka, ban yarda da wannan duka ba. Gidanmu a cikin tsohon gari yake, nan aka haifi kakan mijina, kuma ruwa ya shige shi. Ba mu muka je wajen ruwa ba, shi ya zo.

Injiniya_Ringim:
Maganar Ummu_Sadiq tana da tushe. In cikin kogi ya cike da laka, inda ruwa bai taɓa kaiwa ba zai kai. Injinan nan masu tafiya a cikin ruwa da gwamnatin jiha ta kawo suna yashe kogi suna taimakawa, an ga bambanci a inda suka bi. Sai dai kacala ba a yi mata yanka ɗaya, in aka bar ta damina biyu ta dawo. Aikin na kowace shekara ne, kuma sai an haɗa da Kano da Yobe, don kogin bai san iyakar jiha ba.

Sarkin_Koma:
In za a yashe a riƙa tambayarmu. Mun san tsofaffin hanyoyin ruwa da suka toshe, waɗanda ba sa cikin takardar kowa.

Ɗaliba_KafinHausa:
Baba Sarkin_Koma, sunayen hanyoyin ruwan nan da na tafkuna su ma ina so, don irin waɗannan sunaye sun fi daɗewa ba a canza su ba. Baba Hedimasta, in ka amince zan zo da littafina ranar Asabar. Akwai wanda ya san inda ragowar ganuwar tsohon gari ta bi? Wasu sun ce mini an mai da wajen gonaki.

Manomin_Gamsarka:
Wannan sai 'yan cikin gari. Ni sanarwa gare ni ga mutanen yankinmu: jingar bayan gari ta zaizaye a wuri biyu, gara a gyara tun ƙasa tana bushe. Mai unguwa ya sa gayya ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Kowa ya zo da shebur ko kwando, masu buhunan taki da suka ƙare a taimaka da su. Abba_Sola, ka turo mini farashin injin ban ruwa na sola mai inci biyu.